Tataccen man tsirrai da ƙurajen fata: kwalba ta iso gida, likitan fata bai iso ba

Daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko, babu gidan da ke da ƙananan yara a Garwa, Marwa, Njamena ko Yamai da bai san ƙurajen zafi ba. Suna fesowa a wuya, a baya, a matsematsi, yaro ya kwana yana susa, uwa ta kwana tana fifita. Abin da aka saba yi sananne ne: wanka da ruwan ganyen darbejiya, hoda, man kaɗe, wani lokaci a lakaci mantileta. A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo cikin wannan jerin, wata 'yar kwalba mai duhu wadda ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, an rubuta mata huile essentielle. Ana samunta a kantunan magungunan Musulunci, a shagunan kayan kwalliya, a hannun mata masu saro kaya daga Dubai, Kwatano, Duwala ko Kano, sannan uwa uba a WhatsApp da TikTok, inda ake tallata ta a matsayin maganin ƙaiƙayi, kirci, makero, ƙyasbi da duk wani abin da ya fito a fata.

Wannan na faruwa ne a daidai lokacin da hukumomin lafiya na duniya suka fara waiwayar fata. A watan Mayun 2025, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba ya amince da wani ƙuduri da ya sanya cututtukan fata cikin manyan matsalolin lafiyar jama'a, kuma ƙasar Kodebuwa ce ta jagoranci gabatar da shi, tare da goyon bayan ƙasashe irin su Najeriya da Togo. Ƙuduri dai takarda ce. Kafin ta zama ma'aikacin jinya da ya iya duba fata a ƙaramin asibitin unguwa, kasuwa ta riga ta cike gurbin, kuma ya kamata a san da me ta cike shi.

Me ke cikin kwalbar

Kalmar "mai" ce ta fara ruɗa mutane. Man kaɗe, man gyaɗa, man riɗi, man kwakwa, duk mai ne da ake matsowa daga 'ya'ya ko ƙwaya, masu maiƙo ne, jiki ya saba da su, ana ci ana shafawa. Abin da ke cikin ƙaramar kwalbar nan daban yake. Ana zuba ganye ko fure ko ɓawo a tukunya, a turara shi da tururi, a sanyaya tururin, sai sinadarin ƙamshin ya taso a kan ruwa a kwashe. Ana buƙatar furen lavande sama da kilo 100 kafin a samu kilo ɗaya na mansa. Wanda ya ɗiga ɗigo uku a fatar jariri, ya ɗora masa ƙarfin ganye mai yawa a wuri ɗan ƙanƙani. Duk wanda ya taɓa sa man kanumfari a haƙori ya ji yadda dasashi ke raɗaɗi ya san abin da ake nufi.

Sana'ar warkarwa da waɗannan mayukan, a siffarta ta yau, Faransa ce mahaifarta. Wani masanin haɗa turare mai suna René-Maurice Gattefossé, wanda ya ƙone a ɗakin gwajinsa a 1910 ya kuma ce man lavande ya taimaka masa, shi ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar aromathérapie a 1937. Shi ya sa mai karanta Faransanci a Yawunde ko Kwatano yake cin karo da shafuka da bidiyoyi marasa iyaka a kan batun, fiye da ɗan'uwansa na Kano. Abin da bidiyoyin ba su cika faɗa ba shi ne yadda ita kanta Faransa ta ɗaure wannan kaya da doka. Za mu zo kan wannan.

Adalci ne a ce ba duka maganar ce ƙarya ba. Man da aka fi yin bincike a kansa shi ne na wani itacen Ostareliya da ake sayarwa da sunan arbre à thé ko tea tree, wanda ba shi da wata dangantaka da ganyen shayi. A 1990 an gwada shi a can kan mutum 124 masu ƙurajen fuska irin na balaga, an surka shi zuwa kashi 5 cikin 100, aka kwatanta da maganin asibiti. Ya yi aiki, sai dai a hankali. An kuma samu ɗan sakamako a kan amosanin ka da kuma naman gwarin da ke cin tsakanin yatsun ƙafa. A ɗakin gwaji, masu bincike a arewacin Ostareliya sun ga yana kashe ƙwaron ƙazuwa. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai ke nan, kuma a lura da abubuwa biyu: duka gwaje-gwajen an yi su ne da man da aka auna aka surka, kuma a kan cutar da likita ya riga ya tabbatar da sunanta.

Ƙuraje ba sunan cuta ba ne

A nan ne tallar ta fi yin ɓarna, domin tana sayar da kwalba ɗaya ga kalma ɗaya, alhali kalmar tana rufe da cututtuka da yawa da ba su haɗa komai ba sai wurin fitowa.

Ɗauki ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami a fata yana ƙwai, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ƙurajen na fitowa tsakanin yatsu, a wuyan hannu, a ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, kuma ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 ne ke ɗauke da ita. Tana son cunkoso: makarantun allo, ɗakunan kwana na ɗalibai, gidajen yari, sansanonin gudun hijira irin na Minawao a arewa mai nisa ta Kamaru ko waɗanda suka cika a gabashin Chadi tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023. Maganinta sananne ne kuma ba shi da tsada sosai: benzoate de benzyle ko perméthrine a shafa daga wuya zuwa ƙafa, ko ƙwayar ivermectine. Amma sharaɗin warkewa shi ne a yi wa duk 'yan gida magani rana ɗaya, har da waɗanda ba su fara susa ba, a wanke tufafi da shimfiɗa. Uwar da ta sayi kwalba tana ɗiga wa yaro ɗaya a kan ƙurajen da take gani za ta iya rage masa ƙaiƙayi na dare biyu, ƙwaron kuma na nan yana zagaya gidan. Susar da ta daɗe tana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, ƙurajen su yi ruwa, wani lokaci abin ya taɓa ƙoda.

Makeron kai na yara ma haka yake. Naman gwarin yana cikin saiwar gashi, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Sai an sha magani irin griséofulvine na makonni shida zuwa takwas. Kirci kuwa, fata ce da ta riga ta tsage ta bushe, garkuwarta ta yi rauni. Ita ce fatar da ta fi kowace saurin ƙin jinin turare da mayukan ƙamshi. Zuba mata tataccen mai kamar zuba barkono ne a gyambo.

Sai waɗanda jinkirinsu ke kisa. Ƙyanda tana farawa da zazzaɓi, tari, jan ido, sannan ƙuraje su sauko daga fuska, kuma har yanzu tana ɓarkewa a Chadi, Nijar, Kamaru da Najeriya. Sanƙarau, wanda lokacinsa ya yi daidai da na ƙurajen zafi, yakan zo da ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata waɗanda ba sa gushewa in an danna. A baƙar fata an fi ganinsu a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido. Ƙyandar biri, wadda ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a ranar 14 ga Agustan 2024, tana yaɗuwa ta taɓa ƙurajen, wato mai shafa wa maras lafiya mai da hannu yana cikin layin kamuwa. Akwai kuma ƙurajen da ke biyo bayan shan wasu magunguna, irin su cotrimoxazole, inda baki da ido ke yin gyambo, fata ta fara saluɓewa. Wannan asibiti ne a ranar. Kuturta ma da farin tabo take sallama, tabon da ba ya jin taɓi, mutane su ɗauke shi ƙyasbi su yi ta shafe-shafe shekara da shekaru, alhali maganinta kyauta ne tun 1995.

Rana da zafi suna sauya man

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da Bafaranshen da ya rubuta littafin. Waɗannan mayukan ba sa zama yadda aka tace su. Iska, haske da zafi suna sauya sinadaransu. Limonène na man lemo, linalol na lavande, da sinadaran arbre à thé, idan suka daɗe suna shan iska sukan rikiɗe zuwa wasu abubuwa da suka fi saurin tayar da borin fata. Shi ya sa ake zuba su a kwalba mai duhu, a ce a ajiye a wuri mai sanyi. To a tuna tafiyar da kwalbar ta yi kafin ta iso: kwantena a tashar jirgin ruwa, bayan babbar mota daga Duwala zuwa Gaundare zuwa Kuseri, sannan tebur a bakin kasuwa a garin da zafi ke haura digiri 40. Wasu 'yan kasuwar ma sukan sayi babbar kwalba su ɗura a ƙanana marasa duhu, babu ranar tacewa, babu ranar lalacewa.

Borin fata irin wannan yana da mugun hali. Ba ya nuna kansa a shafawar farko. Jiki na iya ɗaukar kwanaki ko makonni yana koyon ƙin sinadarin, rana ɗaya kuma wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa. Mai shafawa sai ya ce cutar ce take fitowa, ya ƙara mai. Kuma in jiki ya koyi wannan ƙiyayya, yawanci ba ya mantawa. Sabulu ko turaren da ke da sinadarin zai riƙa tayar da ita har tsufa. Ga al'ummar da turare, humra da turaren wuta suke cikin rayuwar yau da kullum, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Man ɓawon lemo, musamman bergamote da lemon tsami da aka matse ba tare da turarawa ba, yana da nasa sharrin: in an shafa aka shiga rana, fata na ƙonewa kamar an zuba ruwan zafi, ta bar baƙin tabo na watanni. Abin takaici, shi ne ake tallata wa mata a matsayin mai goge tabo.

Game da jarirai, maganar ta fi nauyi. Fatarsu siririya ce, abin da aka shafa yana shiga jini da sauri. Kafur, menthol na na'ana'a da eucalyptol na itacen turare suna iya jawo wa ƙaramin yaro jijjiga ko sarƙewar numfashi. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Faransa ta ba da shawarar kada a sa waɗannan ukun a kayan shafawar yara 'yan ƙasa da shekara uku. Su ne kuma ainihin abin da ke cikin mantileta, wadda aka daɗe ana shafa wa jarirai a ƙirji da hanci, har da cibiya. Ta wannan fuskar, tataccen mai ya daɗe a gidajenmu, sunansa ne kawai sabo. Kwalbar da aka bari inda yaro zai kai hannu kuwa, 'yan kurɓi kaɗan na man turare sun isa su kai shi gadon asibiti.

Inda doka ta tsaya, inda ta ɓace

A Faransa, wata doka ta 2007 ta ware tatattun mayuka 15, ciki har da na sauge officinale, hysope, thuya da absinthe, ta ce mai kantin magani mai lasisi kaɗai zai sayar da su saboda haɗarinsu ga ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Tarayyar Turai ta daɗe tana tilasta wa masu kayan shafawa su rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 masu tayar da bori a jikin kwali, kuma a 2023 ta faɗaɗa jerin zuwa kusan 80, da yawansu daga tsirrai suke. A Amurka, a watan Satumban 2014, lokacin da Ebola ke cin rayuka a Gini, Laberiya da Saliyo, hukumar abinci da magunguna ta aika wa kamfanonin doTERRA da Young Living takardun gargaɗi saboda dillalansu na yaɗa cewa mayukan na maganin cututtuka, har da Ebolar. Wato a inda ake yin kayan, ba a yarda mai sayarwa ya kira shi magani ba sai da hujja.

A yankinmu dokokin na nan a rubuce. Ƙasashen UEMOA sun amince da ƙa'idojin rajistar kayan shafe-shafe tun 2010, Najeriya na da NAFDAC, Gana na da tata hukumar, yarjejeniyar kafa hukumar magunguna ta Afirka ta fara aiki a Nuwamban 2021 da mazauni a Kigali. Matsalar ita ce kwalbar ba ta da gida ɗaya a cikin dokar. A kwastan turare ce, a kanti kayan kwalliya ce, a saƙon murya na WhatsApp kuma magani ce. Mai duba kantunan magani ba ya bin saƙon murya, kuma saƙon da Hausa ake yinsa, harshen da jami'in da ke zaune a Yawunde, Kwatano ko Akara sau da yawa ba ya ji. Bahaushen zango yana karɓar talla daga Kano, kaya daga Dubai, gargaɗin ma'aikatar lafiya kuma, in ma an yi shi, da Faransanci ko Turanci yake fitowa. Hanyar kasuwanci da zumunci da ta haɗa Kumasi da Katsina, ko Briketeri ta Yawunde da Mubi, ta fi kowace sanarwar gwamnati sauri.

Akwai kuma abin da ya fi tataccen man kansa tayar da hankali, wato haɗin da ake yi a gida a sayar da sunan "na tsirrai zalla". Kasuwar man bilicin ta koya wa masu haɗi cewa corticoïde mai ƙarfi irin clobétasol ko bétaméthasone yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu. In aka zuba shi a man kaɗe aka ɗiga lavande don ƙamshi, mai saye zai rantse ganye ne ya yi aiki. Sai dai wannan sinadari yana ɓoye makero da ƙazuwa ne yayin da suke bazuwa, yana sirantar da fata, ya bar nankarwa. Likitocin Indiya sun ga ƙarshen wannan hanya: shafa irin waɗannan mayukan barkatai ya taimaka wajen yaɗuwar wani nau'in makero mai taurin kai da ba ya jin maganin da aka saba. Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Kamaru ta bi sahu a Agustan 2022 ta hannun ministan lafiya Manaouda Malachie, amma haramcin ya fi kama kwalin da ke da suna a kan kanta fiye da robar da ba ta da lakabi. Ƙa'ida mai sauƙi: duk man "gargajiya" da ya kashe ƙaiƙayi a dare ɗaya ya kuma fara haska wurin, a yi zarginsa.

Ba wauta ce ke kai mutane ga kwalbar ba

Ba na cikin masu ɗora laifin a kan jahilcin iyaye mata. Uwar da ta sayi man nan lissafi ta yi. A yawancin ƙasashen kudu da Sahara, likitan fata bai kai ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin suna manyan birane. In ta je ƙaramin asibiti, akwai kuɗin kati, akwai layi, sannan akwai yiwuwar a rubuta mata wani man tube mai haɗin magani uku, wanda shi ma corticoïde ne a ciki. Mai tallar WhatsApp kuwa ya yi mata magana da harshenta, ya kira ta Hajiya, ya kawo mata har gida. Ga kuma tsoron jabun magani, wanda ba tsoron banza ba ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Wanda ya riga ya saya kuma ya dage sai ya gwada, masana harkar kansu ba su yarda a shafa shi tsurarsa ba. Abin da suke faɗa wa babban mutum shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato kamar ɗigo ɗaya ko biyu a cikin ƙaramin cokali na man kwakwa ko narkakken man kaɗe, a gwada a cikin dantse a jira kwana biyu. Ban da jariri, ban da mai ciki, ban da fatar da ta fashe ko take ruwa, ban da kusa da ido da al'aura, ban da ƙurajen da suka zo da zazzaɓi. Su kuwa ƙurajen zafi da muka fara da su, ba sa buƙatar komai daga wannan: toshewar hanyar zufa ce, maganinta wanka da ruwa mai sanyi, inuwa, tufafin auduga mai sakin jiki, da rage duk wani mai mai kauri. Ga busasshiyar fata da kirci, man kaɗe tsantsa wanda ba a sa masa turare ba, ko bazalin fari, sun fi kwalbar Dubai aminci da araha. Ko man zaitun da muke girmamawa, wani ƙaramin bincike a Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna yawan shafa shi na raunana garkuwar fata, don haka ba shi ne zaɓin farko ga jariri mai kirci ba.

Gyaran da ya fi kusa da hannu an riga an gwada shi a maƙwabta. A farkon shekarun 2000, likitocin fata na cibiyar Marchoux a Bamako sun lura cewa yawancin masu zuwa ƙananan asibitoci da matsalar fata cututtuka kaɗan ne ke damunsu: ƙuraje masu ruwa, ƙazuwa, makero, borin fata, da tabon da ake zargin kuturta. Suka tsara taswira mai sauƙi ta gane su, suka horar da ma'aikatan jinya a kwas na yini ɗaya, kuma gane cuta da rubuta maganin da ya dace suka ƙaru sosai. Ba a gina sabon asibiti ba, ba a jira an yaye ƙwararru ba. Ƙudurin Janeba na 2025 ya buƙaci ƙasashe su shigar da kula da fata cikin ƙananan asibitoci, su horar da ma'aikatansu, kuma Bamako ta nuna hakan na yiwuwa da kuɗi kaɗan. Abin da Bamako ba ta gwada ba, kuma ya rage ga ma'aikatun lafiya na Yawunde, Njamena, Kwatano da Akara, shi ne fitar da wannan taswirar da muryar Hausa, a rediyon unguwa da saƙon WhatsApp, kafin bazara mai zuwa.